Awon Sihiri: Tsakanin Wasan Kwamfuta da Kasuwar Layu

Jawabi a taron ɗalibai 'yan asalin Boɗinga da Shagari

 

Batun da muka ɗauko yau zai yiwu ya ba waɗansu dariya, waɗansu kuma ya sa su tsuke fuska. Za mu yi magana ne a kan sihiri, sihirin ma na cikin wasan kwamfuta, watau yadda masu wasa ke ɗora wannan a kan wancan su ce wane ya fi wane amfani. Muna roƙon masu tsuke fuska su kwantar da hankalinsu, gama abin da ake kira sihiri a waɗannan wasanni ba aljani a cikinsa, ba turare, ba baƙin bunsuru. Lambobi ne tsantsa wani ya rubuta ya ba na'ura. Masu dariya kuwa su ɗan jinkirta, domin kafin mu sauka za mu biya ta fagen dambe, mu leƙa kufan Satiru, inda maganar ta wuce wasa.

Galibin ƙannenmu da ke cika shagunan gem a bakin hanyar Sakkwato zuwa Jega ƙwallon ƙafa suke bugawa, saboda haka ya kamata mu fara bayyana irin wasan da muke nufi. Wasa ne wanda mutum ke shiga rigar wani jarumi, ya yi tafiya cikin labari, ya gamu da dodanni, ya tara kaya, ƙarfinsa ya dinga ƙaruwa mataki mataki. Wanda ya karanta Ganɗoki ko Ruwan Bagaja ya riga ya san yanayin abin, sai dai a nan mai karatu shi ne ke yanke shawarar abin da jarumin zai yi. Asalinsa wani wasa ne na takarda da fensir mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka cikin 1974. Daga baya kwamfuta ta karɓi aikin lissafin. Wasan da za mu fi kafa hujja da shi, Baldur's Gate 3, wani kamfani na ƙasar Beljiyam mai suna Larian ya fitar da shi a 2023, kuma bisa dokokin wancan tsohon wasa aka gina shi.

To, a cikin ayarin jarumai akwai matsafi. Shi ba ya iya takobi, jininsa kaɗan ne, dukiyarsa ita ce sihirin da ya haddace. Amma an ɗaure shi da doka: kowane sihiri yana cin gurbi guda, guraben kuwa ƙidayayyu ne. Matsafin da ya kai mataki na 5 yana da gurbi 4 na daraja ta ɗaya, 3 na daraja ta biyu, 2 na daraja ta uku. In sun ƙare sai ya nemi hutu kafin su dawo. Ashe ke nan halinsa ɗaya da ma'aikacin da ya karɓi albashi: abin da ke hannu ƙidayayye ne, wata kuwa dogo. Daga nan gardamar ta samo tushe, domin duk wanda abinsa ke ƙarewa dole ya tambayi kansa inda ya fi cancanta ya kashe shi.

Bari mu ɗauki sihiri biyu masu cin gurbi iri ɗaya, na daraja ta biyu, mu auna su a gabanku. Na farko Turawa na ce masa Scorching Ray, mu kira shi Harshen Wuta. Matsafi na harba harsuna 3, kowane harshe in ya sami abokin gaba sai na'ura ta jefa 'yan lido biyu masu fuska shida, abin da suka nuna shi ne jinin da aka rage masa. Duk wanda ya taɓa buga lido ya san ɗan lido ɗaya yana ba da daga 1 zuwa 6, matsakaicinsa 3 da rabi. Biyu ke nan 7, harsuna uku kuwa 21. Na biyu shi ne Magic Missile, mu kira shi Kibiyar Sihiri. A wannan gurbi kibau 4 yake fitarwa, kowace tana rage daga 2 zuwa 5, matsakaici 3 da rabi, jimla 14.

Yaro in ya ga 21 ya ga 14 ya gama shawara. Amma akwai abin da ya manta. Harshen Wuta sai an yi bara, yana iya kuskurewa, alhali Kibiyar Sihiri ba ta kuskure, sai fa in abokin gaba ya san wani sihirin garkuwa da aka yi musamman don tare ta. Saboda haka 21 ɗin nan alkawari ne, 14 kuwa kuɗi ne a hannu. In damar samu kashi 80 cikin 100 ce, abin da Harshen Wuta zai kawo a kan matsakaici ya kusa 17, ya fi kibiya. In damar ta sauko zuwa kashi 50, sai ya koma 10 da rabi, kibiya ta wuce shi. Mahaɗar tana wajen kashi biyu cikin uku: sama da nan a harba wuta, ƙasa da nan a saki kibiya. Mun bar lissafin bugun sa'a mai ninka ɓarna don kada mu tsawaita, ɗan motsa mahaɗar kawai yake yi. Abin lura shi ne wasan ba ya ɓoye wannan dama. Da ka ɗora alama a kan dodo zai rubuta maka kashi nawa cikin ɗari ke gare ka, kafin ka kashe gurbinka.

Har yanzu da saura, domin matsakaici ma yana da nasa ruɗin. A ce dodo ya rage da jini 8, kuma in bai faɗi a wannan zagaye ba zai kashe ɗaya daga cikin ayari. Mafi ƙarancin abin da kibau huɗu za su yi shi ne 8, watau faɗuwarsa tabbas ce. Harshen Wuta na iya yin har 36, amma in damar rabi da rabi ce, sau ɗaya cikin takwas duk harsunan uku za su wuce ta gefe, a tashi a tutar babu. Manomin da ke shuka gero a tudu ya san wannan hikima tun kafin a ƙera kwamfuta. Yakan zaɓi irin da ba ya ba da mamaki a shekarar albarka, amma kuma ba ya barin rumbu wayam a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri.

Sai kuma sarkin suna, Fireball, Dunƙulen Wuta, wanda kowane sabon ɗan wasa ke ɗokin ya kai gare shi. Yana cin gurbi na daraja ta uku, ana jefa masa 'yan lido 8, matsakaici 28, kuma duk wanda ke cikin da'irar da ya faɗa zai sha. Wanda ya yi zafin nama ya kauce rabi ne ke samunsa, 14. In maƙiya huɗu suka taru wuri guda, biyu suka kauce biyu suka kasa, an yi ɓarnar 84 da gurbi ɗaya. Kibiyar Sihiri a wannan gurbi kibau 5 ce, 17 da rabi. Nan babu gardama. Amma a ce babban dodo ne shi kaɗai, mai zafin nama: 14 ke nan a gaban 17 da rabi, sarkin suna ya sha ƙasa. In kuwa halittar ta wuta ce, daga cikin waɗanda wuta ba ta yi musu kome, an ƙona gurbi a banza. Ga shi kuma wutar ba ta san aboki ba, in ɗan'uwanka na cikin da'irar shi ma zai babbake. Akwai kuma asarar da ba a gani: ƙananan maƙiya masu jini 7, in ka sauke musu 28, ɗaya bisa huɗu ne ya yi aiki, saura ya bi iska. An kashe sauro da taɓarya.

Wani misalin ya fi burge mu, don yana nuna cewa ƙarami na iya fin babba ko da lambarsa ba ta kai ba. Akwai sihirin warkarwa iri biyu masu cin gurbi ɗaya. Ɗaya yana mai da jini daga 1 zuwa 8, ban da ƙarin gwanintar mai yi, amma sai ka taka ka je ka taɓa majinyacin, kuma ya cinye maka babban aikinka na zagayen. Ɗayan daga 1 zuwa 4 kawai yake mayarwa, sai dai daga nesa ake furta shi, kuma bayan ka furta kana da sauran damar kai bugu. Gwanaye kusan duk na biyun suke ɗauka, domin wanda ya faɗi ko da jini kaɗan aka mayar masa zai miƙe ya ci gaba da faɗa. Watau lokaci ma farashi ne, ko da ba a rubuta shi a jikin kaya ba.

Waɗansu wasannin ba gurbi suke ƙirgawa ba, ma'aji guda suke ba matsafi ya dinga ɗiba. Da yawa suna kiran ma'ajin mana, kalmar da Turawa suka aro daga mutanen tsibiran tekun Fasifik, ba tamu ta "zo mana" ba. A wasan Final Fantasy VII na Japan, wanda ya fito a 1997, sihirin wuta hawa uku ne. Na farko yana cin 4, ƙarfinsa 8. Na biyu yana cin 22, ƙarfinsa 20. Na uku yana cin 52, ƙarfinsa 64. Ku raba ƙarfi da farashi: na farko 2, na biyu bai kai 1 ba, na uku 1 da 'yan kai. Mafi arha shi ne mafi riba, na tsakiya kuwa shi ne mafi tsada a kan abin da yake bayarwa. Duk da haka ba wanda zai tsaya gaban babban dodo yana harba ƙaramar wuta sau takwas don tsimi, alhali kowane zagaye dodon na rama bugu. Mai noman rani a bakin madatsar ruwan Shagari yana yin irin wannan lissafi tsakanin man injin ban ruwa da kwanakin da albasa za ta iya jure ƙishi.

Yanzu, 'yan'uwa, me ya sa wannan awo ya yiwu? Ya yiwu ne don an san farashi, an san abin da sihirin ke yi, an san sau nawa yake kuskurewa, kuma na'ura na rubuta kowace jifa, ta sa'a da ta rashin sa'a, inda kowa zai iya dubawa. In mutum biyu suka yi musu sai su gwada sau ɗari su ƙirga. Ku riƙe wannan na ƙarshe da kyau, mu fita daga kwamfuta mu shigo gida.

Duk nau'in sihirin da ke cikin waɗannan wasanni muna da sunansa a Hausa tun kafin a haifi Gygax. Muna da baduhu da layar zana na ɓacewa. Muna da kau-da-bara mai karkatar da makami, da sagau mai sandarar da hannun wanda ya ɗaga zai buge ka, da tauri mai hana ƙarfe shiga jiki, da shashatau mai sa mai nemanka ya shashance. Muna da kambu a damtse, guru a ƙugu, laya a wuya. Waɗannan kuwa ba a labari suka tsaya ba. Ana sayar da su, ana biya da kuɗin gumi, kuma cikin masu saye har da ɗalibi mai fuskantar jarrabawa da ma'aikaci mai jiran ƙarin girma. Mun san ba kowa zai so a faɗi haka a zaure irin wannan ba, amma kowa ya san haka ne.

Hukuncin shari'a a kan wannan ba namu ba ne, na malamai ne, kuma ƙasarmu ba ta rasa su ba. A Sifawa, nan cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga kanta. Shehu ya yi magana a kan masu duba da masu tsafi a littafinsa Nurul Albab, mai so ya koma can. Addu'a kuma ba ta cikin abin da muke ɗorawa a sikeli, gama roƙo ne ga Mai bayarwa in ya so, ba wanda ya sayar da ita da alkawarin aiki kamar yankan wuƙa. Mu abin da ya dame mu kaya ne da aka sa wa farashi aka ce zai yi kaza. Duk abin da aka sa wa farashi ya halatta a tambayi mudunsa.

Mu je fagen dambe bayan an kau da amfanin gona. 'Yan dambe biyu sun shigo, kowanne damtsensa cike da kambuna, kowanne ya sha ya yi wanka, kowanne an tabbatar masa. Aka gwabza, ɗaya ya kai ƙasa. Gobe labarin da zai zagaya gari shi ne na asirin wanda ya yi kisa, malaminsa ya sami sababbin masu saye. Asirin wanda aka kashe fa? Shi ma an biya kuɗinsa. In da akwai na'ura mai rubutawa kamar ta wasanmu, da ta rubuta ci ɗaya, faɗuwa ɗaya, watau daidai da abin da za a samu in da duk su biyun sun shigo hannu rabbana. Amma ba a rubutawa. Maimakon haka akwai amsoshi da aka tanada: an karya masa, ko ya keta sharaɗi, ko ya ci abin da aka hana shi, ko ya gamu da wanda ya fi shi shiri. Ku duba da kyau, ba ɗaya cikin amsoshin nan da ke ɗora laifi a kan kayan. Ɗan wasan kwamfuta da za a sayar wa sihirin da in ya ci a ce ƙarfinsa ne, in ya kuskure a ce kai ne ba ka da tsarki, ko minti ɗaya ba zai riƙe shi ba.

Kada a ce muna raina abin gargajiya. Sassaƙe da saiwa suna karɓar awo, kuma wani lokaci sukan ci jarrabawar. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu yau a asibiti daga wani ganye aka ciro shi, dangin tazargaden da iyayenmu mata suka sani. Wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka bi tsofaffin littattafan maganin ƙasarsu, suka gwada ɗaruruwan haɗi, mafi yawa suka faɗi, wannan ya tsaya. An ba ta lambar Nobel a 2015. Da ba a ƙirga waɗanda suka faɗi ba, da ba a gane wanda ya tsaya ba.

Mun yi alkawarin leƙa Satiru. Ƙauye ne da ya taɓa kasancewa kudu da Sakkwato, ba nisa da Danchadi. Ran 14 ga Fabrairu 1906 mutanensa, talakawa da bayi gudaddu, riƙe da gatura da fartanya da baka, suka fatattaki rundunar sojan doki ta Ingila. Suka kashe Turawa uku, Hillary da Scott da Blackwood, da sojoji 25, har suka kama bindiga mai ruwa. Jaruntakarsu ba abin musu ba ce, zaluncin da ya tunzura su ma haka. Cikinsu akwai wani malami da ya ƙetaro daga ƙasar da Faransa ke mulki, ana ce masa Ɗan Makaho, wanda labarin asirinsa ya cika ƙasa, kuma nasarar ranar ta ƙara wa labarin ƙarfi. Alhali abin da ya faru a fili yana da bayani: Hillary ya wuce gaba don ya yi magana da mutanen, sojojin suka motsa don su cece shi kafin su gama ɗaura sahu, dawaki suka firgita, aka rutsa da su. Jifa ɗaya ce ta faɗa daidai. Ran 10 ga Maris aka dawo da runduna ta sosai a ƙarƙashin Manjo Goodwin, sahu a ɗaure, bindigogi a shirye. Mutanen Satiru suka yi ta afkawa cikin ruwan harsashi. An ƙiyasta waɗanda aka kashe sun kai 2,000, aka rushe garin, aka hana sake gina shi. A daidai waɗannan shekaru, 1905 zuwa 1907, can a ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya, an raba wa mayaƙa wani ruwa da aka ce zai mai da harsashin Jamusawa ruwa, abin da ake kira yaƙin Maji Maji. Ƙarshensa dubban rayuka ne, na harsashi da na yunwa.

Ba mu kawo wannan don mu zargi matattu ba. Mun kawo shi ne don kasuwar ba ta tashi ba. A 'yan shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi gabashin jiharmu, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah, samari sa'o'inmu sun tashi tsaron ƙauyukansu, kuma maganin bindiga ya yi daraja. Jaridu sun sha kawo labarin wanda ya mutu wajen gwajinsa, wani lokaci mai saye, wani lokaci mai maganin kansa. Waɗanda suka fita daji da shi suka dawo lafiya su ne muke ji suna ba da shaida a majalisa. Waɗanda ba su dawo ba, ba a jin tasu shaidar, kuma a kan kowannensu amsar tana nan a tanade: ya keta sharaɗi.

Wani zai ce ai ana gwadawa a gaban jama'a, a rataya wa akuya laya a harbe ta, ta tashi tana tafiya. To, ɗan wasan da ya saba da awon Harshen Wuta da Kibiyar Sihiri ba zai tafa ba tukuna. Zai tambaya wa ya ɗura bindigar, da me aka ɗura ta, daga taku nawa aka harba, sau nawa aka maimaita. Sa'an nan zai roƙi a kawo akuya ta biyu wadda ba a rataya mata kome ba, a harbe ta da wannan bindiga daga wannan wuri, kuma a bar wani wanda ba yaron mai maganin ba ya yi ɗurin.